Ciwon hanta na C: wa magani yake kamawa?

Mutum biyu sun kamu da cuta ɗaya. Likita ɗaya ya duba su. Ya ba su magani iri ɗaya, suka sha shi daidai. Ɗaya ya warke sarai, ɗaya kuwa cutar tana nan daram. Mi ya sa? Wannan tambaya ta daɗe tana damun likitoci masu aikin ciwon hanta na C. Darasin yau yana kawo amsar da suka samu, da abin da ya canza daga baya.

Hanta da cutar da ke cin ta

Hanta tana gefen dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Ta babban mutum ta kai wajen kilo ɗaya da rabi. Ita ce ke tace jini, tana kawar da dafi. Tana ajiye ƙarfin abinci kamar yadda rumbu ke ajiye hatsi.

Akwai ƙwayoyin cuta da suke kama hanta. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganin su. An ba su sunan haruffa: A, B, C, D da E. Na B da na C su ne suke daɗewa cikin jiki. A Nijar na B ya fi yawa, kuma yana da allurar rigakafi da ake yi wa jarirai. Na C ba shi da rigakafi. Amma yana da maganin da ke kashe shi baki ɗaya.

Ta jini ƙwayar C take shiga mutum. Allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, askar da ba a canza ba, ƙaho, rezar yankan farce ta kasuwa, ƙarin jinin da ba a auna ba, duk hanyoyi ne. Wani lokaci uwa takan ba ɗanta wajen haihuwa. Ba a ɗaukar ta wajen cin tuwo kwano ɗaya, ko gaisuwa, ko cizon sauro.

Cuta ce mai ɓoyo. Mutum yana iya yin shekara 20 da ita yana noma, yana zuwa kasuwa, bai sani ba. Cikin mutum 10 da suka kamu, wajen 3 jikinsu yana korar ta da kansa cikin wata 6. Sauran 7 tana zaunawa. Cikin waɗanda ta zauna wa, 15 zuwa 30 cikin 100 hantarsu takan taurare a shekara 20. Sai ciki ya cika da ruwa, ƙafafu su kumbura, ido ya yi shawara, wani ya yi aman jini. Wasu kuma ta zama masu ciwon daji na hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum wajen miliyan 50 ne suke ɗauke da ita, kuma ta kashe wajen dubu 240 a wannan shekara.

Maganin dā mai wahala

A 1989 ne masana a Amurka suka gano ƙwayar C. Maganin farko allura ce mai suna intaferon. Shi intaferon ba baƙon abu ba ne ga jiki. Jiki da kansa yana yin sa in ƙwayar cuta ta shiga. Aikinsa kamar na mai yekuwa ne: yana faɗa wa sassan jiki su tashi, ɓarawo ya shigo. Likitoci suka ce bari a ƙara wa jiki wannan yekuwa ta hanyar allura.

Daga 2001 ana yin allurar sau ɗaya a sati, ana haɗa ta da ƙwaya mai suna ribabirin da ake sha kullum. Wasu sati 24, wasu sati 48, wato kusan shekara guda.

Maganin yana da wuya ƙwarai. Yana kawo masassara, ciwon gaɓoɓi, kasala da zubar gashi. Jini yana raguwa. Wasu baƙin ciki ya rufe su. Mace mai ciki ba ta shan ribabirin, don yana lalata ɗan da ke ciki. Ga tsada. Manomin da ya fara shi da rani, a gajiye zai ga shuka, a gajiye zai ga noma, a gajiye zai ga girbi. Bayan duk wannan, wajen rabin masu irin cutar mai taurin kai ba su warkewa.

Shi ya sa likitoci suka matsu su san wanda magani zai kama tun kafin a fara. Manomi ma ba ya zuba iri don ya ga hadari. Sai ya tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta kai. Likitoci su ma sun nemi irin wannan alama cikin jini.

Alamar farko ita ce irin ƙwayar. Kamar yadda hatsi yake iri-iri, ƙwayar C ma iri-iri ce. An ba manyan irinta lamba 1 zuwa 6. Masu lamba 2 da 3, wajen 8 cikin 10 suna warkewa da sati 24. Masu lamba 1, 4 ko 5 cikin 10 kawai, ko da sun cika sati 48. A Afirka ta Yamma an fi samun lamba 1 da lamba 2. Ana kuma duba yawan ƙwayar cikin jini, da shekarun mutum, da ɓarnar da hanta ta riga ta yi. In an fara magani, a sake auna jini a sati na 4 da na 12. Wanda ƙwayarsa ba ta ragu sosai ba a sati na 12, sai a tsai da allurar, don ci gaba wahalar banza ce.

Duk da haka wani abu ya rage. A Amurka an lura baƙar fata ba su warkewa kamar turawa. A wani bincike na 2006, dukan majinyatan masu lamba 1 ne, maganinsu ɗaya. Turawa 52 cikin 100 suka warke, baƙar fata 28. Aka lissafa yawan maganin da kowa ya sha, da yawan ƙwayar, da halin hantar kowa. Lissafin bai share bambancin ba.

Harafi ɗaya cikin littafin gado

Mai kiwo ya san gado. Jar akuyar Maraɗi ja take haifa. Saniyar Azawak ta gaji nono, ta Bororo ta gaji dogon ƙaho. Ɗan Adam ma haka ne: tsawo, kama, launin fata, daga iyaye suke.

Ina wannan gado yake ajiye? Jikin mutum an gina shi da ƙananan ɗakuna masu yawan gaske. Cikinsu akwai wani rubutu mai tsawo, kamar littafi. Haruffa huɗu kawai aka rubuta shi da su, masana suna kiran su A, C, G da T. Littafin yana da haruffa wajen miliyan dubu 3. Kowane mutum yana da shi biyu: ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

Littafin kowa kusan ɗaya ne da na ɗan'uwansa. Amma nan da can harafi ɗaya yakan bambanta. Wanda ya zauna makarantar yaƙi da jahilci ya san aikin harafi ɗaya. A rubuta «ƙafa», a canza harafi guda, ta zama «ƙasa». A manta da lanƙwasa, «baƙi» ya koma «baki».

A 2009 masana na jami'ar Duke a Amurka suka karanta littafin gadon majinyata fiye da 1600 masu lamba 1. Suka gwada na waɗanda suka warke da na waɗanda ba su warke ba. Suka sami wuri ɗaya da ya fita daban, kusa da wani sashe mai suna IL28B. A wannan wuri, wani yana da harafin C, wani yana da T. Kada a ruɗe: wannan C harafin littafin gado ne, ba shi ne C na sunan cutar ba. Sunan ne kawai ya zo ɗaya.

Tun da littafi biyu ne, mutane sun kasu uku. Mai C daga uwa da C daga uba, shi ne CC. Mai ɗaya-ɗaya, CT. Mai T biyu, TT. Masu CC sun ninka sauran wajen warkewa. A shekarar nan kuma masana a Japan da Ostiraliya suka kai ga wannan wuri, kowa da nasa majinyata. Aka ƙara gano cewa masu CC sun fi samun jikinsu ya kori ƙwayar da kansa, ba tare da magani ba.

Harafin C bai rabu daidai cikin duniya ba. A gabashin Asiya kusan kowa yana da shi. A Turai fiye da rabi. A Afirka kudu da Sahara ya fi ƙaranci. Wannan ya bayyana wajen rabin bambancin da aka gani tsakanin turawa da baƙar fata na Amurka, waɗanda kakanninsu daga Afirka aka kwashe su.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata a riƙe. Baƙar fata masu CC, 53 cikin 100 suka warke. Turawa masu TT, 33. Ashe ba launin fata ne ke aiki ba, harafin ne.

A 2013 aka ƙara fahimtar dalili. Mafi yawan masu harafin T jikinsu yana yin wani irin intaferon na daban, wanda aka ba suna lamda 4. Sai a yi tsammani wannan ƙarin ƙarfi ne. Ba haka ba ne. Masana sun ga cewa hantar irin waɗannan majinyata tana cikin yekuwa tun kafin a yi allura, amma yekuwar ba ta kori ɓarawo ba. Garin da ake buga ganga dare da rana, in an ƙara buga wata, ba mai fitowa. Haka allurar take iske hanta ta riga ta saba da kira.

Harafin T ba cuta ba ne, ba nakasa ba ce. Mai shi lafiyarsa lau. Ba irin awon amosanin jini ba ne da ake yi kafin aure.

A 2010 an sami wani wurin kuma, mai suna ITPA. Shi ba ya faɗin warkewa. Yana nuna wanda ribabirin ba za ta rage masa jini sosai ba.

Alamar da ke yawo cikin jini

Littafin gado ba ya canzawa, daga haihuwa har mutuwa. Amma akwai wasu abubuwa cikin jini da suke hawa suna sauka. Ana ce masu furotin. Abin gina jiki ne irin wanda ake samu a nama, wake da ƙwai, sai dai jiki yana ƙera nasa iri dubbai, kowane da aikinsa.

Ɗaya daga cikinsu sunansa IP-10. Hanta mai ciwo ce take sakin sa, don ya kirawo sojojin jini su zo wurin. A 2006 likitoci a Suwidin suka nuna amfaninsa. Wanda IP-10 nasa yake ƙasa da 150 a ma'aunin laboratuwar kafin magani, ya fi saurin warkewa. Wanda nasa ya wuce 600, da wuya allurar ta kama shi. Maganar ganga ce ta sake dawowa: yawan kira tun farko alama ce cewa ƙarin kira ba zai yi aiki ba.

In aka haɗa awon harafi da awon IP-10, hasashe ya fi daidai. Mai CT ko TT wanda IP-10 nasa yake ƙasa yana da sa'a fiye da wanda nasa yake sama. Da haka likita yake ba da shawara: wannan ya fara yanzu, wancan ya dakata in hantarsa za ta iya jira.

Amma hasashe ba hukunci ba ne. Akwai masu CC da ba su warke ba, akwai masu TT da suka warke. Kuma awon nan ya fi zama a manyan asibitocin ƙasashe masu arziki. Talaka na ƙauye bai ga awon ba, bai ga allurar ba.

Ƙwayoyin da suka share bambanci

A ƙarshen 2013 wani sabon magani ya fito, sunansa sofosbubir. Wasu suka biyo shi, kamar daklatasbir da belfatasbir. Waɗannan ba su bi ta yekuwar jiki ba. Kai tsaye suke zuwa kan ƙwayar, su lalata kayan aikin da take hayayyafa da su. Tun da ba su dogara da amsar jiki ga intaferon ba, harafin C ko T ya daina yin nauyi.

Ƙwaya ce ake sha kullum, sati 12, wani haɗin ma sati 8. Ba allura. Wahalarta kaɗan ce. Fiye da 95 cikin 100 suna warkewa, baƙi da fari, CC da TT. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a yi wa manya magani da haɗin da ke kama kowace lamba. Yau likita ba ya neman awon IL28B ko na IP-10 kafin ya rubuta magani.

Da farko kuɗin ya fi ƙarfin kowa. A Amurka ƙwaya ɗaya dalar Amurka 1000 ce. Ba irin dalar nan ta sefa biyar ba: a lokacin ƙwaya guda ta kai kusan jika 500, magani duka ya wuce miliyan 40 na sefa. Daga baya masana'antu a Indiya da Masar suka shiga yin sa. A wasu ƙasashe matalauta magani duka ya sauko ƙasa da dalar Amurka 100. Ita Masar cutar ta yi mata yawa ƙwarai, saboda allurar tsargiya da aka yi wa jama'a shekarun baya da sirinjin da ba a dafa sosai ba. Daga 2018 ta auna mutum wajen miliyan 50, ta yi wa masu cutar magani. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ta kama hanyar kawar da ita.

Abin da likita yake dubawa yau

Awon jini bai ƙare ba, tambayoyin ne suka canza.

Awon farko na ɗigon jini ne daga yatsa. Yana neman wani furotin da jiki yake yi in ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Kamar sawu ne a bakin danga: ya nuna ɓarawo ya zo, bai nuna yana ciki ba. Sawun nan yakan zauna ko bayan mutum ya warke. Don haka wanda awon farko ya kama kada ya sayi magani tukuna. Sai an yi awo na biyu, mai neman ƙwayar kanta ko wani furotin na jikinta. Wannan sai babban laboratuwar, likita ne zai faɗi inda za a kai jinin.

Sai kuma halin hanta. Hanta mai rauni tana zubar da wani furotin mai suna AST cikin jini. In ta taurare kuma, ƙananan ƙwayoyin jini masu tsai da zubar jini suna raguwa. Likita yana haɗa lambobin biyu ya yi lissafi da ake kira APRI. Awo ne mai sauƙi. Shi ne ke nuna ko hanta ta yi nisa. Wanda hantarsa ta lalace ƙwarai, maganinsa yana iya tsawaita, kuma akwai haɗin da ba a ba shi.

Ana auna ciwon hanta na B da sida. Dalili: in mutum yana da B da C tare, aka kashe C, B tana iya tasowa da ƙarfi. Mace ta faɗa in tana da ciki.

Majinyaci ya kawo duk maganin da yake sha ya nuna. Rifamfisin na babban tari, wato tibi, yana karya ƙarfin maganin hanta. Haka wasu magungunan farfaɗiya, kamar karbamazefin da fenobarbital. Jiƙo da saiwoyi ma a faɗa, ba abin kunya ba ne. Giya kuwa tana ƙara wa hanta rauni.

Maganar gado ba ta mutu duka ba. Yanzu littafin gadon ƙwayar ake karantawa, don ita ma tana da nata. A Afirka akwai wasu ƙananan irinta da ba a saba gani a Turai da Amurka ba, inda aka fi gwada magungunan. A Ruwanda an yi bincike da majinyata 300, aka buga shi a 2019. Da haɗin sofosbubir da ledifasbir, 87 cikin 100 suka warke. Amma masu wani iri da ake kira 4r, kaɗan suka wuce rabi. Da aka gwada haɗin belfatasbir, sakamako ya gyaru. Don haka wanda maganin farko bai kama ba kada ya yanke ƙauna. Akwai na biyu.

Awon ƙarshe ana yin sa sati 12 bayan an shanye ƙwaya ta ƙarshe. In ba a ga ƙwayar cutar ba, mutum ya warke. Da yawa sukan ji sauƙi su ƙi komawa. Kuskure ne, don jin ƙarfi ba shaida ba ce ga cutar da tun farko ba ta nuna kanta. A rubuta ranar a takarda, ko a sa wanda ya iya rubutu ya rubuta.

Warkewa ba rigakafi ba ce. Wanda ya warke yana iya sake kamuwa in askar wani ko allurar wani ta taɓa jininsa. Wanda kuma hantarsa ta riga ta taurare, yana ci gaba da zuwa a duba ta da na'ura kowane wata 6, ko bayan ƙwayar ta tafi.